Yadda ake raba gaɓoɓi da gano wurin danni a aikatau na Sifaniyanci

A Sifaniyanci, hablo na nufin "ina magana", habló kuma "ya yi magana". Haruffa biyar a nan, biyar a can, ba wanda ya sauya wuri. Abin da ya raba su kawai shi ne gaɓar da murya ta fi dannawa: HA-blo, ha-BLÓ. Da wannan ɗan motsi mai aikin ya canza, lokacin ma ya canza. Kunnen Bahaushe ya san irin wannan, domin "ya zauna" da "zauna!" rubutunsu ɗaya amma muryar ba ɗaya ba. Sai dai a Hausa kowace gaɓa tana da nata karin sautin, kuma ba ma rubuta shi. A Sifaniyanci gaɓa ɗaya tak ce a kalma take ɗaukar ƙarfin murya, kuma rubutunsu yana nuna maka ita, ko an sa alama ko ba a sa ba.

Wannan ƙarfin murya shi zan riƙa kira danni, kuma gaɓar da ya faɗa kanta zan rubuta ta da manyan baƙaƙe. Kada a haɗa shi da nauyin gaɓa da masu nazarin waƙa suke magana a kai, wancan daban ne. Ɗan karan da masu harshen suke ɗorawa a kan wasali (á, é, í, ó, ú) su da kansu tilde suke ce masa.

Masu koyo da yawa, ko ɗan sakandare ne a Garwa ta Kamaru da aka ba shi zaɓi tsakanin Jamusanci da Sifaniyanci, ko mai koyo a waya don kansa, sukan faɗa wa haddar jadawalin aikatau gadan-gadan. Hadda tana da amfani, amma wanda ya fara sanin inda danni yake zama zai tarar rabin abin da ake kira "ba ya bin doka" yana bin doka sarai.

Mataki na farko: nemo wasula, ka ga waɗanda ke zama tare

Wasulan Sifaniyanci biyar ne kamar namu, kuma ba su da dogo da gajere. An kasa su gida biyu: buɗaɗɗu (a, e, o) da rufaffu (i, u). Kowace gaɓa tana buƙatar wasali, don haka idan wasulan kalma a warwatse suke, baƙi na shiga tsakaninsu, ƙirga wasula ya isa: co-mer biyu, ca-mi-na-mos huɗu. Rikici yana tasowa ne idan wasula biyu suka yi maƙwabtaka.

Idan buɗaɗɗu biyu ne, ba sa zama gaɓa ɗaya. Leer (karantawa) le-er ne, caer (faɗuwa) ca-er, pasear (yawo) pa-se-ar. Idan buɗaɗɗe ne da rufaffe, kuma rufaffen ba shi da kara a kansa, to tagwan wasali ne, gaɓa ɗaya: bai-lar, cau-sar, pien-so, pue-do. Rufaffu biyu ma haka, cui-dar. Biyun farko ba su da wahala, ai da au ne irin na "kai" da "sau". Ie da ue ne suke ba mu matsala, saboda baki yana son ya ce "pi-yen-so" da "pu-we-do", ya ƙara gaɓar da babu ita. Maganin yana cikin Hausa: yadda kake cewa "kyau" da "kwana" ba tare da ka raba k da abin da ke bin ta ba, haka za ka ce quiero (ina so) "kye-ro", cuento (ina ƙirgawa) "kwen-to".

Idan kuwa ka ga kara a kan i ko u kusa da buɗaɗɗen wasali, an raba auren ke nan. Comía co-MÍ-a ne, gaɓa uku. Oí (na ji) o-Í. Wannan kara ba ya jiran wata doka, da zarar danni ya hau rufaffen wasali a irin wannan wuri sai an rubuta shi. Harafin h ba a furta shi sam, kuma ba ya hana wannan doka aiki: prohibir (hanawa) yana ba da pro-HÍ-bo.

Wani lokaci wasula uku suke cunkusuwa a gaɓa ɗaya, buɗaɗɗe a tsakiya, rufaffu a gefe da gefe: es-tu-DIÁIS, a-ve-ri-GUÁIS. Ba ka cika haɗuwa da su ba sai a siffar vosotros, wato "ku" ta mutanen Sifaniya.

Mataki na biyu: raba baƙaƙe

Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu yana bin na gaba: to-mar, vi-vir. Biyu kuma sai a raba su, ɗaya ya rufe gaɓar baya, ɗaya ya buɗe ta gaba: can-tar, ven-der, dor-mir. Har nan daidai yake da yadda muke raba "gan-ga" da "tam-ba-ya".

Akwai ma'aurata da ba a rabawa: p, b, c, g, f idan l ko r ta biyo su, sai t da d idan r ta biyo su. Wato pl, pr, bl, br, cl, cr, gl, gr, fl, fr, tr, dr. Don haka ha-blar ne ba hab-lar ba, a-brir, lo-grar, su-frir, po-dré. A nan harshenmu yake yi mana zagon ƙasa. Hausa ba ta yarda baƙi biyu su buɗe gaɓa ba, shi ya sa muka sami "burodi", "direba" da "firamare". Idan ka bar wannan ɗabi'a ta shigo, trabajo (ina aiki) zai koma "ta-ra-ba-ho", gaɓa huɗu maimakon uku, kuma duk lissafin da za mu yi nan gaba a kan yawan gaɓoɓi ya dogara. Ka yi ta maimaita tra, pre, bla, cri da sauri har wasalin tsakiya ya ɓace.

Sannan ch, ll da rr harafi biyu ne a ido, sauti ɗaya a baki. Mu mun saba raba baƙi mai ninki, "han-nu", "sal-la", amma a nan co-rrer ne (gudu), ce-rrar (rufewa), ca-llar (yin shiru), es-cu-char (saurare). Haka qu da gu a gaban e ko i: u ɗin ba a furta shi, bus-qué, lle-gué, se-guir. Sai idan an ɗora masa ɗigo biyu, kamar a averigüé, sannan yake fitowa. Amma cc da nn ana raba su, ac-ce-der, in-no-var.

S ba ta haɗuwa da wani baƙi su buɗe gaɓa, ko a farkon kalma ko a ciki, shi ya sa ake da es-cri-bir, es-tu-diar, es-tar. Idan baƙaƙe uku suka jeru, duba biyun ƙarshe: in ma'aurata ne su tafi tare (com-prar, en-trar, ex-pli-car), in ba haka ba biyu su tsaya baya (ins-ta-lar). Huɗu kuma biyu-biyu, ins-cri-bir, cons-truir. Akwai 'yan tsirarun da ɗafa-goshi ya karya dokar, kamar sub-ra-yar (jan layi a ƙarƙashi), inda b da r ba su haɗu ba. Kada wannan ya ɗauke maka hankali yanzu.

Mataki na uku: ƙirga daga ƙarshe

Danni daga wutsiyar kalma ake lissafa shi. Dokar gajera ce. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, danninta yana kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe: HA-blo, HA-blas, HA-blan, ha-BLA-mos. Wadda ta ƙare da kowane baƙi daban, yana kan ta ƙarshe: ha-BLAR, co-MED, es-TOY (y a ƙarshen kalma baƙi ake ɗaukarta a wannan lissafi). Duk kalmar da furucinta ya saɓa wa wannan, sai a ɗora mata kara don a sanar da mai karatu. Ke nan kara ba ado ba ne, sanarwa ce cewa "nan an kauce".

Me ya sa n da s? Dubi aikatau ka ga dalili: s ita ce alamar "kai", n alamar "su". Da an ɗauke su kamar sauran baƙaƙe, da kusan kowane hablas da hablan sai an sa musu kara.

Sunayen da malamansu ke amfani da su: aguda idan danni na kan gaɓar ƙarshe, llana idan kan ta biyu, esdrújula idan kan ta uku. Ta uku da abin da ya wuce ta kullum da kara, babu togiya. Kalma mai gaɓa ɗaya kuwa ba ta buƙatar sa, tun da ba wata gaɓar da za a rikita ta da ita: fue, fui, dio, vio, vais. Za ka ci karo da fué da vió a tsofaffin littattafai, amma Real Academia Española, cibiyar kula da harshen Sifaniyanci da aka kafa a Madrid a 1713, ta cire musu karan tun shekarun 1950. A ƙa'idojin rubutu na 2010 ta bi da wasu kamar rio (ya yi dariya) da hui (na gudu). Biyu ne a cikin aikatau suka riƙe karansu don a bambanta su da wasu ƙananan kalmomi: dé (ya bayar) don kada ya zama de, da sé (na sani) don kada ya zama se.

Mataki na huɗu: feɗe aikatau gida huɗu

Mu a gaban aikatau muke sa mai aiki da lokaci: na, kin, muna, za su. Aikatau ɗin ya tsaya yadda yake. Su kuwa duk a bayansa suke liƙa su. Ɗauki cantábamos (a da muna waƙa):

cant- saiwa, ita ke ɗauke da ma'ana
-á- wasalin rukuni
-ba- alamar lokaci
-mos alamar mai aiki, "mu"

Wasalin rukuni shi ne wanda ke gaban r a siffar ƙamus, kuma uku ne: -ar (cantar), -er (comer), -ir (vivir). Alamun mai aiki ba su cika canzawa ba: -s kai ko ke, -mos mu, -is ku, -n su. "Ni" da "shi" sau da yawa ba su da wata alama ta daban, shi ya sa cantaba ke iya zama "ina waƙa a da" ko "yana waƙa a da".

Lura cewa wannan rabon ba ɗaya yake da rabon gaɓoɓi ba. A ginin kalma cant-á-ba-mos ne, a furuci can-TÁ-ba-mos, t ta bar saiwa ta koma gaɓar gaba. Ka rubuta duka biyun, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, duk lokacin da kake nazarin sabuwar siffa. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce: danni yana kan saiwa, ko kan wasalin rukuni, ko kan abin da ke bayansa? Kowane lokaci na nahawu yana da amsarsa.

Mataki na biyar: bi danni lokaci bayan lokaci

Lokacin yanzu shi ne mai yawan motsi, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. HA-blo, HA-blas, HA-bla, ha-BLA-mos, ha-BLÁIS, HA-blan. A huɗu danni yana kan saiwa, a "mu" da "ku" ya tsallaka kan wasalin rukuni. Riƙe wannan tsari na huɗu da biyu, domin ga abin da yake haifarwa:

pensar (tunani): PIEN-so, PIEN-sas, PIEN-sa, pen-SA-mos, pen-SÁIS, PIEN-san
poder (iyawa): PUE-do, PUE-des, PUE-de, po-DE-mos, po-DÉIS, PUE-den

Duk inda danni ya hau saiwa, e ta fashe ta zama ie, o ta zama ue. Inda ya sauka, wasalin ya koma yadda yake. Ba siffofi shida kake haddacewa ba, doka ɗaya ce. Asalinta daga Latin ne, inda ake da gajeren e da o da kuma dogaye. Gajerun ne suka rikiɗa tagwaye a duk inda danni ya same su. Tun da Sifaniyanci ya daina bambanta dogo da gajere, yau ba za ka iya gane mai fashewa daga siffar ƙamus ba: pensar yana ba da pienso amma pesar (aunawa) peso, contar cuento amma montar (hawa) monto. Ƙamus zai gaya maka. Akwai kuma wata dabara: nemi sunan da ya fito daga saiwa ɗaya. Idan ka san almuerzo (abincin rana), sueño (barci, mafarki), vuelo (tashin jirgi), juego (wasa), to ka riga ka san almorzar, soñar, volar da jugar masu fashewa ne. Oler (sansana) yana ba da huelo, an ƙara h ne kawai don ba sa fara rubuta kalma da ue.

A rukunin -ir akwai ƙarin wani abu da danni kaɗai ba ya bayyana shi, gara a faɗa tun yanzu. Pedir (roƙo) yana ba da PI-do, pe-DI-mos, wannan ya bi tsarin huɗu da biyu. Amma akwai pi-DIÓ, dur-MIÓ, sin-TIÓ, dur-MIEN-do, dur-MA-mos, inda saiwa ta canza alhali ba ta da danni. A nan abin da ke biyowa ne sanadi: idan ɗafin da ke bin saiwa ya fara da ió, ie, ko a mai danni, e ta koma i, o ta koma u. A -ar da -er kusan ba ya faruwa.

Wani abin amfani: aikatau a lokacin yanzu ba ya taɓa ɗaukar danni a gaɓa ta uku daga ƙarshe, ko da sunan da ya fito daga cikinsa yana yi. Daga nan aka sami 'yan uku irin su TÉR-mi-no (wa'adi), ter-MI-no (ina gamawa), ter-mi-NÓ (ya gama). Haka público, publico, publicó, da cálculo, calculo, calculó. Ka riƙa karanta su da ƙarfi kana buga yatsa a tebur a kan gaɓar da ake dannawa. Babu atisayen da ya fi wannan buɗe kunne.

Estar kaɗai ka ware gefe, shi danninsa a ƙarshe yake: es-TOY, es-TÁS, es-TÁ, es-TÁN. In ka manta karan está ka rubuta esta, "wannan" ka ce.

Shuɗaɗɗen lokaci na aikin da ya kammala: a nan saiwa ba ta samun danni ko sau ɗaya. Ha-BLÉ, ha-BLAS-te, ha-BLÓ, ha-BLA-mos, ha-BLAS-teis, ha-BLA-ron. Saboda haka babu fashewa, pensé ne, conté ne. "Ni" da "shi" suna da kara domin sun ƙare da wasali amma danni na ƙarshe. Mai kallon La Liga da sharhin Sifaniyanci yana jin wannan ó kowane mako: marcó ya ci ƙwallo, ganó ya yi nasara, empató ya yi kunnen doki. Sai dai akwai wani gungu na tsofaffin aikatau, kuma su ne aka fi amfani da su, da suka ja danni baya kan saiwa a waɗannan siffofi biyu: TU-ve, TU-vo (samu), HI-ce, HI-zo (yi), DI-je, DI-jo (ce), PU-de, PU-se, QUI-se, VI-ne, SU-pe, TRA-je. Ba su da kara, kuma bai kamata ka ji kana son sa musu ba, tun da sun bi dokar mataki na uku daidai. Wanda ya rubuta "dijó" ya nuna bai furta kalmar ba kafin ya rubuta.

Canjin haruffa irin na buscar zuwa busqué, llegar zuwa llegué, empezar zuwa empecé, ba canjin saiwa ba ne. Sautin bai motsa ba, rubutu ne yake gyara zama a gaban e.

Shuɗaɗɗen lokaci mai ci (abin da ake yi a da) shi ne mafi sauƙi: danni ya kafe a kan wasalin rukuni. Ha-BLA-ba, ha-BLA-bas, ha-BLÁ-ba-mos, ha-BLA-ban. Karan da ya bayyana a hablábamos ba don danni ya matsa ba ne, -mos ce ta ƙara gaɓa, sai gaɓar ta zama ta uku daga ƙarshe. A -er da -ir kara yana ko'ina, comía, vivíamos, saboda dokar raba aure ta mataki na farko. Uku kaɗai suka kauce: era, iba, veía.

Lokaci mai zuwa yana da tarihi mai daɗi. Asalinsa kalma biyu ne, siffar ƙamus da aikatau haber a bayanta: hablar he, hablar has, hablar ha. Suka manne suka zama hablaré, hablarás, hablará, kuma danni ya tsaya a kan tsohuwar kalma ta biyu. Duk suna da kara ban da ha-bla-RE-mos, wanda ya bi doka da kansa. Masu gajarta saiwa ma haka suke, ten-DRÉ, sal-DRÉ, sa-BRÉ, di-RÉ, ha-RÉ. Ƙanensa mai ma'anar "da zan yi" ya ɗauki -ía: ha-bla-RÍ-a.

Siffofin fata da umarni, irin namu na "in yi, ka yi, ya yi", su suke da tarko biyu. HA-ble (ya yi magana, a matsayin fata ko umarni cikin ladabi) ba ha-BLÉ ba ne. Ha-BLA-ra (da a ce ya yi magana) ba ha-bla-RÁ ba ne (zai yi magana). Na farkon yana bin tsarin huɗu da biyu, PIEN-se amma pen-SE-mos. Na biyun yana kan wasalin rukuni, ha-BLÁ-ra-mos.

Mataki na shida: masu -iar, -uar da masu saiwa mai ƙarewa da wasali

Cambiar (canzawa) da enviar (aikawa) kamarsu ɗaya, amma ɗaya CAM-bio ne, gaɓa biyu, ɗaya en-VÍ-o, gaɓa uku. Estudiar, limpiar da anunciar suna bin cambiar. Confiar, variar da guiar suna bin enviar. Babu doka a nan, ka rubuta siffar "ni" kusa da kowane sabon aikatau irin wannan a littafinka. A -uar abin ya ɗan fi tsari: mafi yawa suna rabawa, con-ti-NÚ-o, ac-TÚ-o, amma masu -guar ba sa yi, a-ve-RI-guo. Reunir (tarawa) re-Ú-no.

Leer, creer, caer da oír suna samun kara inda comer ba ya samu: le-ÍS-te, le-Í-mos, le-Í-do, kusa da comiste, comimos, comido. Dalilin shi ne i mai danni ta jingina da buɗaɗɗen wasali. Inda i ba ta da danni kuma ta faɗa tsakanin wasula biyu sai ta zama y: le-YÓ, ca-YE-ron. Construir kuwa yana ba da construiste da construido babu kara, domin u da i duk rufaffu ne, a rubutu tagwaye ake ɗaukarsu. Construí yana da shi ne saboda dokar ƙarshen kalma kawai.

Mataki na bakwai: idan wakilan suna suka manne a baya

A umarni, da siffar ƙamus, da siffar -ndo (ta aikin da ake cikin yi), ƙananan wakilan suna (me, te, se, lo, la, le, nos) suna liƙewa a bayan aikatau su zama kalma ɗaya a rubuce. Danni a nan kamar turke yake, ko awaki nawa ka ɗaura ba ya gusawa. Abin da ke canzawa shi ne nisansa daga ƙarshe. Don haka ka fara gano danni a aikatau tsurarsa, ka liƙa wakilan, sannan ka sake ƙirgawa.

Da (ba da), DA-me (ba ni), DÁ-me-lo (ba ni shi). COM-pra, CÓM-pra-lo. De-CIR, de-CIR-te, de-CÍR-te-lo. Com-PRAN-do, com-PRÁN-do-lo. Lissafin yana iya cire kara ma: dé idan ya ɗauki me sai ya zama deme, tun ƙa'idojin 1999, amma démelo ya dawo da shi. Sannan harafi biyu suna faɗuwa a mahaɗa: s ta -mos a gaban nos (vamos ya zama vámonos, mu tafi), da d ta umarnin "ku" a gaban os (sentad ya zama sentaos, ku zauna).

In Sifaniyancin Ajantina ko Yurugwai kake ji, kada ka ɗauka kuskure suke yi. Suna amfani da vos maimakon tú, kuma danninsa a ƙarshe yake: ha-BLÁS, co-MÉS, vi-VÍS, umarni kuma ha-BLÁ, ve-NÍ. Tun da danni ya bar saiwa, yawanci ba ta fashewa: vos pensás, vos podés, inda ɗan Madrid zai ce piensas, puedes. Dokar mataki na biyar ce dai take aiki a wata nahiya. Decime da sentate nasu ba su da kara, lissafi ya nuna ba sa buƙata.

Gwada a kan kalmomi masu tsawo

Ɗauki devuelvemelo, an ba ka ba kara, ana nufin "maido min da shi". Wasula: e, ue, e, e, o, gaɓa biyar ke nan tun da ue tagwaye ne. Baƙaƙe: l da v ba ma'aurata ba ne, a raba. De-vuel-ve-me-lo. Cire me da lo, saura devuelve. Ue ta riga ta tona asiri, saiwar devolver ta fashe, to danni yana kanta. Mayar da wakilan ka ƙirga: lo ɗaya, me biyu, ve uku, vuel huɗu. Dole kara, kuma a tagwan wasali kan buɗaɗɗen ake ɗora shi: devuélvemelo.

Siguieramos, daga seguir (bi). Gu a gaban i harafi ɗaya ne, u ba wasali ba ce a nan, don haka si-guie-ra-mos, huɗu. Alamar -ra- ta nuna siffar "da a ce", danni kan abin da ke gabanta, guie, ta uku daga ƙarshe: siguiéramos. E ta saiwa ta koma i saboda ie da ke biye.

Escribiamos: idan ka ɗauki ia tagwaye za ka sami es-cri-bia-mos, kalmar da babu ita. Shuɗaɗɗen lokaci mai ci ne na rukunin -ir, danni kan i, es-cri-BÍ-a-mos, gaɓa biyar.

Ga na gwaji: despertandose, traduciras, sientate, continuan, pusimos, explicaselo, oimos. Ɗaya daga cikinsu ba ya buƙatar kara ko kaɗan. Sauran shida suna so: despertándose, traducirás, siéntate, continúan, explícaselo, oímos. Idan a waya kake rubutu, danna wasalin ka riƙe, zaɓin mai kara zai fito. Ka zaɓi wanda ya karkata dama (á), domin mai karkata hagu (à) na Faransanci ne da Italiyanci, Sifaniyanci ba ya amfani da shi. Ka kuma kashe gyaran rubutu na kai tsaye lokacin atisaye, domin waya ba ta san ko termino kake nufi ko terminó ba, duka biyun daidai ne a wurinta.